Bindigar farauta mai araha da tarin harbinta a mita 100: nazarin lamarin wani manomin fadama a Kirfi

Asalin lamarin

Manomin yana noman rani a fadamar kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Kirfi ta jihar Bauchi. Yana shuka masara da dankali da ɗan rogo a gefe. Gadu ne babbar matsalarsa, domin yana shigowa da sanyin safiya da kuma gab da magariba, ya tone kunyar dankali tun kafin ya nuna. Bindigar tokar da ake da ita a gidan ba ta da amfani in an wuce taku 30 zuwa 40, gadu kuwa ba ya bari a matso shi haka a fili.

Yana da lasisin bindigar farauta mai sakata, wato irin wadda ake ɗaga hannun sakatar a ja baya a fitar da kwanson, a tura gaba a ɗura wani harsashin. Dokar Makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga a rukunin da Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisi, amma ta ware masu faɗin baki irin na soja, kamar milimita 7.62 da .303, zuwa rukunin da aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa. Tasa .243 Winchester ce, harsashin da ya fito a 1955. Yana kuma da takardar izinin farauta ta jiha, kuma gonarsa ba ta cikin gandun daji na Yankari, inda farauta haramun ce baki ɗaya.

Bindigar tana cikin jerin masu araha da kamfanonin Amurka suka cika kasuwa da su daga wajen 2010, ajin su Savage Axis da Ruger American da Remington 783 da Mossberg Patriot. Kusan duk fasalinsu ɗaya: siririn bututu mai tsawon santimita 56, ƙota ta roba, nauyi kusan kilo 3, sau da yawa kuma a haɗa da madubin saiti mai ƙara girman abu sau 3 zuwa 9 a kwali ɗaya. Abin da manomin ya sa rai shi ne abin da ya saba gani a bidiyon YouTube da hotunan Facebook: huda uku suna taɓa juna a yadi 100, an ɗora kwabo ya rufe su.

Ma'aunin da ake amfani da shi a wannan fage shi ne MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri ɗaya na kusurwa. A yadi 100 ya yi daidai da inci 1.047, a mita 100 kuma santimita 2.9. Yadi 100 mita 91 ne da ɗan ɗori, don haka wanda ya auna filinsa da mita ya riga ya ƙara wa kansa nisa a kan na bidiyon. Faɗin tari kuwa, wato hudojin da harbe-harbe a jere suka bari a takarda, ana auna shi ne daga tsakiyar huda zuwa tsakiyar huda, tsakanin guda biyun da suka fi nesa da juna.

Farkon Nuwamba: gwajin farko

An yi gwajin a wani tsohon ramin ɗibar ƙasa, da tudu a bayan takardar saiti. An auna mita 100 da igiya. Harsashin mai nauyin giren 80 ne, wato kusan giram 5.2. Manomin ya tsaya a gefen motarsa, ya naɗe buhu a kan bonet, ya ɗora bututun a kai, ya yi harbi biyar-biyar sau uku ba hutu. Faɗin tarin ya fito santimita 9.5, da 11, da 8. Hudojin sun bazu ko'ina, ba su nuna sun karkata gefe ɗaya ba. An kashe harsashi 15.

Tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa: abin da aka gwada bai yi ba

Abu na farko da ya yi shi ne bin harsashi da madubi. In ya harba ya ga huda ta faɗi hagu, sai ya murɗa maɓallin zuwa dama, ya sake harbi, ya sake murɗawa. A irin wannan madubi kowane ƙas ɗaya na maɓalli rubu'in MOA ne, kusan milimita 7 a mita 100. Bindigar da ke watsa harsashi cikin faɗin santimita 10, huda ɗaya ba ta nuna inda tsakiyar tarinta take, don haka kowace murɗa tana gyara abin da ba a tabbatar ba. Harsashi 18 suka tafi a haka cikin kwana biyu, tarin bai ragu ba, kuma aka rasa ma inda saitin farko yake.

Daga nan sai ya zargi datti. Ya goge bututun da sandar ƙarfe mai gaɓa-gaɓa, yana shigar da ita ta baki, ya bar mai da yawa a ciki. Na uku ya zargi madubin da ya zo da bindigar, ya sayi wani mai tsada, ya ɗaura shi a kan zobba da mazaunin da suke nan tun farko, ya ɗaure notunan da iya ƙarfin hannunsa. Tari biyu da ya yi bayan haka sun ba da santimita 8.7 da 10.2. Zuwa ƙarshen wata harsashi 43 sun ƙare, alhali lasisi ba ya barin mutum ya tara harsashi yadda ya ga dama, samunsa ma ba sauƙi ba ne.

Disamba: duba bindigar gaɓa-gaɓa

A makon farko na Disamba aka kai bindigar wurin mai gyara da ke da izinin 'yan sanda, domin doka ba ta yarda kowa ya buɗe wurin gyaran bindiga ba. Kafin a taɓa komai an cire sakata, an leƙa an tabbatar babu harsashi. Mai gyaran ya ji labarin sabon madubi, sai ya ce, "Alhaji, ku bar madubin nan tukuna, mu fara daga ƙasa."

Notuna biyu ne ke haɗa ƙarfen bindigar da ƙotarta. Na gaba ya juya kusan rabin zagaye kafin ya kama, ke nan duk harbin da aka yi ƙarfen yana ɗan motsi a cikin ƙota, ba ya komawa mazauninsa na farko. An kwance duka biyun, an tsayar da bindigar a kan gindinta don ƙarfen ya zauna a baya sosai, aka fara ɗaure na gaba sannan na baya, da sifana mai awon ƙarfi. Littafin wannan bindiga ya ce ƙarfin ɗaurin ya zama inci-fam 35, kusan Nm 4, duka biyun ma'aunin ƙarfin murɗa noti ne. Wannan adadi ba ɗaya ba ne ga kowane kamfani, akwai masu neman har 60 zuwa 80, don haka littafin bindigar ake bi. Ɗaya daga cikin notuna huɗu na mazaunin madubi shi ma a sake yake, kuma ba a iya ganinsa sai an sauke madubin. Notunan zobba kuwa an matse su fiye da kima, har sun bar sawu a jikin sabon madubin. An mai da su inci-fam 16, cikin iyakar 15 zuwa 18 da yawancin masu ƙera madubi ke bayarwa, ana ɗaure su a giciye kaɗan-kaɗan don gibin ɓangarorin biyu ya zo daidai.

An koma fili da harsashin giren 80 ɗin. Wannan karon a kan tebur mai ƙarfi, buhun yashi ɗaya a ƙarƙashin gaban ƙota, ƙarami a ƙarƙashin gindi, bututun bai taɓa komai ba. Bututu yana karkarwa lokacin da harsashi ke bi ta cikinsa, kuma duk abin da ya taɓa shi, bonet ne ko reshe ko yatsa, yana canza yadda karkarwar take. An bar minti biyu tsakanin harbi da harbi. Tari biyu suka ba da santimita 6.2 da 5.8, kuma yanzu sun ɗauki siffa: hudojin suna jeruwa a kwance, suna tafiya dama.

Wannan jeri ne ya sa aka gwada da takardar naira. An naɗe ta a ƙarƙashin bututun aka ja ta daga baki zuwa gindi, sai ta maƙale a tazarar santimita 4 daga ƙarshen ƙota, ta gefen hagu. Robar tana tokare bututun a nan, kuma in ya yi zafi ya buɗe, tokarin yana ƙaruwa. An cire ƙarfen, an naɗa samfefa a jikin sanda mai kauri kamar bututun, an goge cikin kwarin ƙotar har takarda ninki biyu ta wuce ba tsayawa. An ba da gibi mai ɗan yawa da gangan, domin ƙotar roba mai araha tana lanƙwasa in aka danna ta a kan buhu ko aka ja igiyar rataya. Bayan haka tari biyu sun ba da santimita 4.6 da 4.1.

An duba leɓen bakin bututu da gilashin ƙara girma, saboda gogar da aka yi masa ta baki. Akwai ɗan gogewa amma babu tsaga, sai aka bar shi. Leɓen nan shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in gefe ɗaya ya cinye, iskar albarushi za ta fita ta nan tukuna ta ture gindin harsashin. Daga ranar an koma shigar da sanda ta baya bayan an cire sakata, da sanda guda mai rufin roba. Kunamar tana buƙatar jan kilo 2.8 kafin ta saki, kuma ba irin mai notin gyara ba ce. Manomin ya nemi a goge ta ta yi laushi, mai gyaran ya ƙi, domin kunamar da aka goge ba bisa ƙa'ida ba tana iya tashi in bindiga ta faɗi ko an rufe sakata da ƙarfi. Jimillar harsashi zuwa nan 63.

Janairu: zaɓen harsashi

Iri biyu kawai aka samu, giren 80 ɗin da ake da shi, da giren 100 mai laushin kai, kusan giram 6.5, wanda ke barin baki da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa. An yi gwajin da ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, kafin iskar hunturu ta taso. Iskar da ke kaɗawa a gicciye da gudun kilomita 16 a awa tana ture wannan harsashi santimita 2 zuwa 3 a mita 100, wanda ya isa ya ɓata gwaji. An kafa sanda da tsumma a tsakiyar fili, in tsumman ya tashi a dakata.

Kowane iri an yi masa tari uku na biyar-biyar. Giren 80 ya ba da santimita 4.8, da 3.9, da 5.2, matsakaici 4.6. Giren 100 ya ba da 3.4, da 4.2, da 2.9, matsakaici 3.5, wato MOA 1.2. A tari na uku, huda ukun farko sun taru cikin santimita 1.6, kwabo zai rufe su, sai na huɗu da na biyar suka buɗe shi zuwa 2.9. An bar wata takarda a bayan takardun saitin ba a canza ta ba, don ta tara hudojin giren 100 duka 15. Faɗinsu ya kai santimita 5.

Lissafin watsuwar harbi ya san wannan tun da daɗewa: bindiga ɗaya da harsashi ɗaya, matsakaicin faɗin tarin harbi biyar ya ninka na harbi uku kusan sau 1.27, na harbi goma kuma kusan sau 1.6. Yawan harbi ne ke ba hudar da ta fi kaucewa damar bayyana.

Sai a wannan mataki aka taɓa maɓallan madubi. Tsakiyar hudoji 15 ɗin tana santimita 3 dama da wurin saiti, santimita 2 ƙasa. An yi ƙas huɗu hagu, ƙas uku sama, aka rufe maɓallan. Jimilla 93.

Fabrairu: zafin bututu da harbin farko

An yi gwaji biyu masu kishiyar juna. Na farko da tsakar rana, harbi goma cikin minti uku. Daga na shida bututun ya fi ƙarfin a riƙe shi da hannu, hudojin suka riƙa hawa sama, faɗin ya kai santimita 7.4. Zafin da ke tashi daga bututun yana kuma sa takardar ta riƙa rawa a cikin madubi.

Na biyu ya fi kama da farauta: harbi ɗaya tak kowace safiya, da bututu mai sanyi, a takarda ɗaya. Ranar farko an yi ta ne bayan an goge bututun an bar masa mai, harsashin ya faɗi santimita 5 sama da saiti, aka zagaye shi da biro aka ware. Sauran safiya takwas ba a sake gogewa ba, sai dai a rufe bakin da ɗan salatif saboda ƙurar hunturu da zanzaro mai gina gida a rami. Hudoji takwas sun taru cikin santimita 4.3, tsakiyarsu santimita 1 sama da saiti. Aka tsayar da ƙa'ida: in an goge bututu, a bushe shi da tsumma mai tsabta, a yi harbi ɗaya ko biyu a fili kafin a fita da shi gona. Harsashi kuma ba a barinsa a cikin mota a rana, domin albarushi mai zafi yana ƙara matsi da gudu. Jimilla 112.

Maris: daga tebur zuwa gona

Babu tebur a bakin fadama. An yanka kwali da'ira mai faɗin santimita 15, gwargwadon wurin huhu da zuciyar gadu a bayan kafaɗa, aka gwada yadda za a yi harbin da gaske. A tsaye ba madogara, mita 100, harbi biyar, biyu suka shiga. A zaune a ƙasa, da sanduna biyu da aka ɗaure a giciye da robar taya, gaban ƙota a kan giciyen, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, harbi goma a mita 100, tara suka shiga.

A cikin wannan zagaye ɗan manomin ne ke ɗura masa, yana cusa harsashin bogi marar albarushi a tsakani ba tare da ya faɗa ba. Sau biyu kunama ta faɗa kan na bogi, sau biyun bakin bindigar ya nutsa ƙasa ya karkata. Shurin .243 ba shi da yawa, ƙarar ce ke razana mutum, ga kunama mai nauyin kilo 2.8 a jikin bindiga mai kilo 3, wadda in aka fizge ta sai bindigar duka ta motsa. An sa masa matoshin kunne, kuma ya yi mako biyu yana jan kunama a kan harsashin bogi sau 20 kowace rana, yana matsa ta a hankali har ta saki ba tare da giciyen saiti da ke cikin madubi ya bar wurin ba.

Bayan haka aka gwada mita 150 a kan sanduna, harbi goma, shida suka shiga. Da saitin mita 100, harsashin yana sauka santimita 3 zuwa 4 a wannan nisa, a mita 200 kuma 10 zuwa 11. Zafin Maris ya kawo kawalwalniya tun ƙarfe 10 na safe, sai an rage ƙarfin madubi daga 9 zuwa 5 ko 6 kafin kwalin ya tsaya. A mita 120, biyar cikin biyar suka shiga. An kafa turaku masu farin fenti a mita 120 daga wuraren zama biyu da ke gonar, an zaɓi wuraren ne ta yadda gangaren kogi zai kasance a bayan dabba, domin harsashin .243 da ya kuɓuce yana iya tafiyar fiye da kilomita 3, fadamar kuwa cike take da makiyaya da shanu a wannan lokaci. Jimilla 142.

Afrilu: abin da ya biyo baya

Cikin watan an harbi gadu biyu, ɗaya a mita 70, ɗaya a mita 95, kowanne da harsashi ɗaya daga kan sanduna, kuma kowanne ya faɗi bai yi nisa ba. Na uku ya fito a can bayan turaku, wajen mita 170, ba a harbe shi ba. A ƙarshen wata an sake gwada notunan da sifana, ba wanda ya motsa, tari ɗaya na tabbatarwa kuma ya ba da santimita 3.7.

Hukunci

Bindigar ba ta da aibin da ya kai a mai da ita. Daga santimita 10 zuwa 6, notuna biyu da suka saki da ɗora bututu a kan bonet ne. Daga 6 zuwa 4.5, robar da ke tokare bututu ce. Daga 4.5 zuwa 3.5, harsashi ne, ko da yake tari uku-uku kaɗan ne a yanke hukunci mai ƙarfi tsakanin iri biyu, kuma giren 100 ɗin ya cancanci zaɓa ko da sun yi kunnen doki, domin ya fi shiga jikin dabba mai kaurin fata. Duk gyaran bai ci kuɗin kayan gyara ba sai samfefa da ladan mai gyara. Sabon madubin bai rage ko milimita ɗaya ba a lokacin da aka saye shi, kuma harsashi 43 na Nuwamba, kusan kashi 30 cikin 100 na abin da aka kashe zuwa ƙarshen Maris, sun tafi ne kafin a duba abin da ya kamata a fara dubawa.

Game da abin da manomin ya sa rai tun farko, lissafin ya nuna abu mai muhimmanci. In aka raba santimita 3.5 da 1.27, za a samu kusan 2.75, ƙasa da MOA ɗaya. Ke nan da ma'aunin harbi uku, wanda shi ne kamfanonin bindiga irin su Tikka da Weatherby ke ɗora alkawarinsu na tarin da bai wuce MOA ɗaya ba a kai, kuma da harsashi mai kyau, wannan bindiga mai araha ta cika sharaɗin. Ita ɗin ce dai ke ba da santimita 3.5 a harbi biyar, da 5 a harbi 15. Hoton da ake yaɗawa galibi shi ne mafi kyawun tarin harbi uku cikin da yawa da aka yi a ranar, sauran takardun ba a nuna su.

Abin da ya dace mai irin wannan bindiga ya sa rai, da harsashin kanti, a kan buhun yashi, da bututu mai sanyi, shi ne santimita 3 zuwa 4.5 a mita 100 a matsakaicin tarin harbi biyar. Har zuwa 6 ma ta isa farautar dabba mai girman gadu a nisan da ake samu a fadama. In ta wuce 7 a kai a kai, akwai abin da ya saki ko yake tokare, kuma a bi shi da jeri: notunan ƙota, mazaunin madubi da zobba, gibin bututu, leɓen baki, harsashi, sannan madubi a ƙarshe, abu ɗaya a lokaci ɗaya, ana rubuta sakamako.

Iyakar mita 120 kuwa daga hannun manomin ta fito. Bindigar da ke tara santimita 5 a mita 100 za ta tara kusan 10 a mita 200, har yanzu cikin da'irar santimita 15 in iska ta lafa kuma an gyara saukar harsashi. Mutumin da ke zaune a kan sanduna da kunama mai nauyi shi ne ya kasa a mita 150, inda huɗu cikin goma suka fita, kuma kowanne daga cikin huɗun nan a gona dabba ce mai rauni da za ta shige ciyawa da harsashi a cikinta. Ko da an ba shi bindiga mai tara santimita 1.5, sakamakon kwalin ba zai canza sosai ba, domin rawar hannunsa ta ninka watsuwar bindigar. Za a matsar da turakun zuwa mita 150 ne ranar da tara cikin goma suka shiga kwalin daga kan sanduna, a gwaji biyu na ranaku dabam-dabam.